Kwanakin da Na Yi da Wuƙar Kakanmu

Asabar

Rufin ɗakin da adakar marigayi kakanmu take ya yi yoyo a ruwan daren Alhamis, don haka yau Gwaggo ta sa aka fito da kayan ciki aka baza a tabarma su sha iska. Alkyabba, rawani, carbi, takardun ajami da ruwa ya taɓa gefensu, sai wata jakar fata mai aljihu biyu wadda ta yi fumfuna. A aljihun ciki wuƙar take.

Irin mai naɗewa ce, ta sawa a aljihu, amma ban taɓa riƙe irinta ba. Ƙotarta ba itace ba ce, ba ƙaho ba, ba roba ba. Fallen ƙarfe guda aka ninka biyu, ruwan wuƙar ya kwanta a tsakani. A naɗe ba ta wuce tafin hannuna ba, ga ta fale-fale ba nauyi, a gindinta da ɗan zoben waya na rataya. Tsatsa ta yi mata ja a mahaɗa, jikin ƙotar kuma ya yi dabbare-dabbare, nan fari yana ɗan ƙyalli, can baƙi. Na sa farce in buɗe, ta cije. Na ƙyale ta.

Gwaggo ta karɓa ta jujjuya. "Da ita Baba yake yanke igiyar huhun goro," in ji ta, "da ita yake feƙe alƙalami. Ko babanka bai taɓa samun aronta ba. Tafi da ita, ɗana, ka ga ko za ta tashi. Amma kada ka bari a cinye min ita."

Da daddare na ɗiga mata kananzir a mahaɗa, na jingine ta cikin tsohon gwangwanin madara don man ya bi ciki. Aikin yau ke nan. Ƙarfen da ya yi shekara da shekaru a rufe ba a tashinsa da ƙarfin tsiya. Sifirin da ke kwance a bayan irin wannan wuƙa in ya karye, samun wani sai an sha wuya.

Lahadi

Na ba da labarinta a majalisa bayan la'asar, kowa ya kawo magani. Wani ya ce in jiƙa ta a ruwan lemun tsami ta kwana. Wani ya ce lemon kwalba. Makanikenmu ya ce ruwan batir, nan take an gama. Mafi yawa suka ce in kai wa mai injin wasa wuƙa a bakin kasuwa ya goge ta ta fito fes.

Duk da alheri suke nufina, kuma duk abin da suka ambata yana cire tsatsa. Sai dai ba a tsatsa yake tsayawa ba. Tsami in ya gama da ruɓaɓɓen ƙarfe sai ya shiga cin lafiyayyen, ya bar shi da ƙananan ramuka. Sannan duk abin da zai gaya mini asalin wuƙar nan, ko suna ko tambari ko sunan ƙasa, zurfinsa a jikin ƙarfe bai kai kaurin farce ba. Dutsen inji zai share shi kafin in buɗe baki in ce a dakata.

Tsatsa ma iri biyu ce, mutane ne ba su cika lura ba. Akwai ja mai gari-gari, wadda ke kumbura tana ɓarewa. Ita ce mai rai, tana riƙe laima, tana ci gaba da ci ko dare ko rana. Akwai kuma baƙi-baƙin nan mai santsi da ke hawa tsohon ƙarfe saboda gumin hannu da ruwan 'ya'yan itace. Wannan ba cuta ba ne. Ya riga ya manne, har ma yana rage wa jar wurin kamawa. Da ja nake faɗa. Baƙin zan bar shi inda yake.

Na ƙara ɗigon kananzir na kwanta.

Litinin

Ta buɗe! Na kama bayan ruwan da yatsu ta cikin tsumma, ina ja kaɗan ina mayarwa, jan ruwa yana tsattsafowa daga mahaɗa, har ta miƙe ta yi ƙas. Sifirin yana nan da ƙarfinsa, ƙarfi ma na ban mamaki. Ba ta da makulli, sifirin nan kaɗai ke riƙe ta a buɗe ya kuma riƙe ta a rufe, saboda haka wajen rufewa sai mutum ya janye yatsunsa daga hanya.

Na kwashe yini da tsinken sakace da tsohon buroshin haƙori ina fitar da abin da ke cikin ƙotar: ƙura, zaren aljihu, da wani jan gari busasshe wanda na so a ce na goro ne. Ga jar tsatsar da ke kan ruwan kuwa, guntun wayar wuta ta jan ƙarfe na buge da guduma ta yi faɗi, na shafa man keken ɗinki, na riƙa kankarewa a hankali. Jan ƙarfe bai kai ƙarfen wuƙa tauri ba, yana ɗebe tsatsa ba tare da ya karce abin da ke ƙasa ba. Ƙotar ban sa mata komai ba sai tsumma da mai, domin na gane farin da ke jikinta shafe ne na nikel, ya riga ya ɓare a wurare, abin da ya saura ba ya son gurza.

Gab da magariba na ga alamar akwai zane a ƙotar, amma ido ya kasa haɗa shi. Na ɗora farar takarda a kai na goga fensir a kwance. Sai ga shi ya fito: zobe a sama, ƙarƙashinsa jiki mai kusurwa, da hannuwa uku, ɗaya dama, ɗaya hagu, ɗaya ƙasa. Kusa da shi haruffan boko, EL BARAKA.

Talata

Na je rumfar mai gyaran agogo na ari gilashin da yake maƙalawa a ido. Da shi na karanta wata kalma da ta kusa shafewa: FRANCE.

Wani dattijo da ke zaune a rumfar ya ce shi dai a saninsa wuƙa mai naɗewa ta da Okapi ce. Ya yi gaskiya cewa ta yi suna a Afirka, amma ba ita ce wannan ba. Okapi ƙotar itace gare ta, kuma wadda aka fi sani tana da zobe a baya da ake ja kafin ta rufe. A Solingen ta Jamus aka fara ƙera ta a 1902, sai a 1988 aka mayar da aikin Afirka ta Kudu. Wanda ya tsinci Okapi mai sunan Jamus a jiki, ya san ta girmi 1988.

Haka ake karanta tsohuwar wuƙa. Ana farawa da gindin ruwan, kusa da mahaɗa, inda dutsen washi ba ya kaiwa, domin nan masu ƙira suka fi buga tambari. Sai a dubi sunan ƙasa: in an rubuta Jamus ta Yamma, tsakanin 1949 da 1990 ke nan. Sai a dubi ƙarfen: in an rubuta INOX ko ROSTFREI, irin wanda ba ya tsatsa ne, shi kuwa sai a 1913 Harry Brearley ya gano shi a Sheffield ta Ingila. Sai a dubi yadda take kullewa: Opinel ta Faransa tun 1890 ake yin ta, amma zoben da ake murɗawa a wuyanta sai a 1955 aka ƙara. Ba alama ɗaya da za ta ba ka shekara cif. Kowace rage maka faɗin zato take yi, sai ka tara su.

Laraba

Na kai wa aminina takardar fensir. Ɗan Maraɗi ne, yana koyar da Faransanci a nan Kano. Ko zama bai yi ba ya ce, "Malam, ai wannan alamar Agadas ce." Ita ce wadda maƙeran Buzaye ke zubawa da azurfa ana ratayawa a wuya. Garuruwa da dama a Nijar kowa da tasa, Tawa, Damagaram, Ingal, Bilma, har ana ƙirga 21, amma ta Agadas ta fi fita duniya.

Daga nan muka bi sawu, shi yana karanta Faransanci ni ina rubutawa, har muka isa Thiers, wani gari a tsakiyar Faransa da ke rataye a jikin dutse a kan kogin Durolle. Ɗaruruwan shekaru ke nan sana'ar garin wuƙa ce, kuma har yau mafi yawan wuƙaƙen Faransa daga can suke fitowa. Ruwan kogin ne ke juya manyan duwatsun washi a da. Masu washin a kife suke aiki, rub da ciki a kan katako saman dutsen, cikin sanyi da laima, har sukan sa kare ya kwanta musu a ƙafa don ɗumi. Na daɗe ina tunanin mutanen nan.

A garin ne, a 1929, Gaspard Cognet ya fito da wata wuƙa mai araha wadda ya sa wa suna Douk-Douk. Kasuwar tsibiran Melanesiya, can tekun Pasifik, ya nufa da ita, shi ya sa ya buga wa ƙotar hoton wani dodon al'adar mutanen can, mai doguwar hula da rigar ganye. Can ba ta karɓu ba. Sai aka juyo da ita Arewacin Afirka, inda ta samu shiga sosai, daga nan ta gangaro ƙasashen da Faransa ke mulka kudu da Sahara. Amma Musulmi da yawa ba za su so su sa hoton dodo a aljihun rigar da suke salla da ita ba. Sai kamfanin ya yi wata, ƙira ɗaya, ya shafe ƙotar da nikel, ya cire dodon ya sa alamar Agadas. Ita ce El Baraka. Ita ce a kan teburina.

Ba na ɗaukar wannan a matsayin ƙauna. Ciniki ne na zamanin mulkin mallaka, mai kaya ya gano abin da mai saye zai karɓa. Amma ƙirar kanta dole in yaba mata. Guda shida ne kacal a jikinta: ruwa, sifirin, ƙota, ƙusa biyu da zoben rataya. Ba itacen da gara za ta ci, ba abin da zai kumbura da damina ya tsage da hunturu. Duk kuɗin a ruwan aka zuba, ƙarfe ne mai kabon wajen kashi 0.75 cikin ɗari, mai saurin ɗaukar kaifi a kan kowane dutse. Wanda ya zana ta ya san mai sayenta ba shi da kanti kusa.

Tana da wani tarihi mai nauyi. A yaƙin neman 'yancin Aljeriya, 1954 zuwa 1962, an yi amfani da Douk-Douk a matsayin makami, domin in aka buɗe ta aka buge bakin ƙotar ya haɗe, ta daina naɗewa. Har hukumomin Faransa suka hana shigar da ita Aljeriya.

Juma'a

Kamfanin har yanzu yana Thiers yana yin irin wuƙaƙen nan, kuma ba a buga musu shekara. Saboda haka bayan masallaci na koma wurin Gwaggo, domin abin da ƙarfe bai rubuta ba yana bakin tsofaffi.

"Gwaggo, yaushe kika fara ganinta a hannunsa?"

Ta ce tun tana yarinya, tun ana kashe sule da sisi. Ta ce lokacin da aka canja kuɗi zuwa naira da kwabo ta riga ta yi aure, kuma a lokacin wuƙar ta daɗe a gidan. Canjin kuɗi 1973 ne. Ke nan tsakanin 1929 da 1973 aka ƙera ta, ta haura shekara hamsin ko ta wace fuska aka duba.

Daga nan labari ya ɓalle. Goro yana zuwa Kano daga kudu a jirgin ƙasa, kakanmu ya saya ya bi ta Kazaure da Daura ya tsallaka zuwa Damagaram, wani zubin har Tanut da Agadas. Ya dawo da kanwa da dabino da gishirin Bilma. A wancan zamani kantunan kamfanonin Faransa irin su CFAO da SCOA ne ke cika manyan garuruwan can da kayan Turai, 'yan tebur su sara su baza a kasuwa. Ta ce farin da aka yi a farkon shekarun 1970 ne ya tsayar da tafiyarsa, abokan cinikinsa dabbobinsu sun ƙare, bashi ya kwanta. Bai sake hawa arewa ba.

Goro ba ya son zafi, ba ya son bushewa. A hanya sai an riƙa kwance huhu ana zaɓe ruɓaɓɓe, a yayyafa ruwa, a sake ganye a ɗaure. Da na tuna haka sai na gane dalilin da ya sa tsakiyar ruwan wuƙar ya rame ya shige ciki. Igiya ce da dutse suka ci wurin.

Asabar

Ruwan yana ɗan lilo hagu da dama, ƙusar mahaɗa ta saki. Na kai wa tsohon maƙerin unguwarmu.

Ya buɗe, ya ƙwanƙwasa da farce, ya kai kunne. "Wannan ƙarfen kirki ne, yaro. Wa ya ba ka?"

"Ta kakanmu ce, Baba."

"Allah ya jiƙansa. Ya san kaya."

Ya karya tsohuwar reza ya zura guntun tsakanin ruwan da ƙotar. Ya ɗora kan ƙusar a kan uwar maƙera, ya ɗauki mafi ƙanƙantar gudumarsa, ya ɗan taɓa, ya gwada, ya juya ya ɗan taɓa. Da ya zare rezar, lilon ya tafi, wuƙar kuma tana buɗewa ba gardama. Rezar ce ta hana a matse fiye da kima. In aka wuce wuri, mayarwa ita ce wahala.

Na gaya masa shawarar kai ta inji. Ya girgiza kai. "In ka ga bakin wuƙa ya yi shuɗi a dutsen inji, an kashe ta. Za ta yi kaifi yau, gobe ta lanƙwashe." Abin da ya sani da ido shi ne abin da littattafan ƙarfe ke faɗa da lamba. Bayan an taurara ƙarfen wuƙa, akan ɗan sassauta shi a zafi wajen digiri 200 don kada ya riƙa karyewa. Launin shuɗi kuwa sai wajen digiri 300 yake hawa. Bakin wuƙa siriri ne, a busasshen dutse mai gudu nan da nan yake kaiwa can, taurin da aka ba shi a Thiers ya tafi ba dawowa.

Ya ƙi karɓar kuɗi. Na saya masa goro.

Litinin

Washi wurin wanzamin gidanmu na je koyo, domin ba wanda ya kai mai aska sanin kaifi. Ya fito da dutsensa daga zabira, baƙi mai laushi, tsakiyarsa ta lotsa. Ya ɗiga ruwa, ya kwantar da ruwan wuƙar, ya ɗaga bayanta kaɗan. A lissafi abin bai wuce digiri 15 zuwa 20 ba, amma shi da yatsa yake aunawa, kuma hannunsa ba ya sauka daga inda ya fara. Ya ce sirrin ke nan: ba ƙarfi ba, tsayuwar hannu.

Ya yi ta shafawa a gefe ɗaya har ya ce in taɓa bayan kaifin. Na ji wani ɗan leɓen ƙarfe ya lanƙwaso, siriri, daga gindi har tsini. Wannan ne shaidar dutse ya kai bakin. Ya juya ya yi wa ɗaya gefen haka, sannan ya rage nauyin hannu yana sauyawa. Daga ƙarshe ya ja ta a kan fata, baya-baya, kaifi yana bin sawu, har leɓen ya faɗi. Ya gwada a gashin hannunsa, ya zube.

Akwai 'yar ɓalla kusa da tsini. Ya tambaye ni ko a cire. Cire ta yana nufin a cinye ruwan gaba ɗaya har a kai zurfinta, ƙarfen da zai ishi washin shekaru. Na ce a bar ta. Ba ta hana yanka, kuma washi na gaba da na gaba za su tafi da ita da kansu.

Talata

Na samo karan dawa busasshe na feƙe alƙalami. Ta shiga ba ƙara, ta fitar da baki siriri, tsagar ta tafi sak. Na rubuta layi biyu a allon ƙaramin ɗana.

Na kuma yanka lemun tsami da gangan, na bar ta jiƙe ɗan lokaci. Inda washi ya fito da sabon ƙarfe har ya fara yin toka-toka. Halin wannan ƙarfen ke nan: a yi aiki, a goge, a busar, a shafa mai. Man gyaɗa da manja in sun daɗe sukan yi danƙo su kama mahaɗa. Man keke ya yi wa mahaɗa, amma ba na son sa a abin da zan ci, don haka na sayo man farafin na sha a kemis, shi nake shafa wa ruwan.

Alhamis

Ɗan yayana ya gan ta ya ce in ba shi ya riƙa sawa a aljihu. Na hana, na kuma zaunar da shi na gaya masa dalili. A Kano ta yau, matashi da wuƙa a aljihu sunansa ya ɓaci tun kafin ya yi magana, saboda abin da 'yan daba da masu ƙwacen waya suka jawo. Abin yana ci mini rai. A zamanin kakanmu wuƙar aljihu kayan aikin dattijo ce, ta malami da falke da manomi, ana fito da ita a gaban kowa a fere rake a raba wa yara. Na ce masa duk ranar da yake so ya zo gida in koya masa washi da feƙe alƙalami, amma ba za ta fita titi ba. Ya ce zai zo ranar Asabar.

Na rubuta a takarda abin da na gano: sunan wuƙar, garin da aka ƙera ta, maganar Gwaggo yadda ta faɗa, da gyaran da aka yi wa ƙusa bana. Wanda zai riƙe ta bayana ya san wane tabo ne na hanyar Damagaram, wane ne namu.

Da yamma na je wurin baduku a kasuwar Kurmi don ya ɗinka mata ɗan kube. Ya auna, sannan ya ce, "Alhaji, zan yi maka, amma kada ka bar ta ciki da damina." Fatar da aka jeme da bagaruwa tana shan laima, kuma in ta haɗu da ƙarfe a jiƙe sai su ɓata juna, fatar ta yi baƙi, ƙarfen ya yi tsatsa. Ya ce ai su da kansu da ƙarfe suke haɗa kuloko, baƙin rinin da suke zane da shi a jar fata. Jakar da ta kwana a ciki shekaru ita ta jawo mata jan da na tarar a mahaɗa. Kube na fita da ita gona ne ko tafiya. A gida, takarda mai ɗan mai za a naɗe ta da ita, a sa a gwangwani mai murfi, a riƙa dubawa har ruwa ya ɗauke.

Na zaɓi ja, ba ado, baki mai faɗi don zoben ya fito waje. Ya ce in dawo bayan mako, fata ba ta saurin bushewa a watan Agusta.